Landan da Matafiyi Mai Ƙaramin Guzuri: A Bar Ƙofar Gidajen Tarihi a Buɗe

Birnin Landan ya yi ƙaurin suna wajen tsada, kuma ba ƙage aka yi masa ba. Ɗalibin da ya sauka a cikinsa da jakar goyo da ɗan guzuri, a masauki zai fara jin jiki, ko da kuwa gado ɗaya ya kama a ɗakin da mutum takwas ko goma ke kwana. Sai dai akwai abin da ya bambanta Landan da Paris da Roma, wanda shi ne ke ba irin wannan matafiyi damar yin mako guda yana kallo ba tare da aljihunsa ya yi ƙaf ba: manyan gidajen tarihi na ƙasa ba a biyan ko kwabo a shiga zaurukansu na dindindin.

Gidan Tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753 aka kuma buɗe wa jama'a a 1759, tun farko a kan wannan aƙida aka gina shi. Waɗansu kuwa, kamar Gidan Victoria da Albert da Gidan Tarihin Halittu da na Kimiyya, sun taɓa karɓar kuɗi, har zuwa ƙarshen 2001 lokacin da gwamnati ta soke. Don haka mai ƙaramin ƙarfi yana iya wayar gari a zauren zane-zane na ƙasa da ke Dandalin Trafalgar, ya bi gaɓar Kogin Thames a ƙafa zuwa Tate Modern, tsohuwar tashar wutar lantarki da aka mayar gidan zane a 2000, washegari ya leƙa Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ga takardar Magna Carta ta 1215. In ƙafa ta gaji, bas mai lamba 24 na bi ta gaban majalisar dokoki da Trafalgar har Camden a kan ƙasa da fam 2, kuma wanda ya sauya bas cikin sa'a guda ba ya ƙara biya. Abin lura kawai shi ne bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati. Hasumiyar Landan kuwa, inda tikitin babba ya haura fam 30, ganinta daga kan gada ya wadatar.

Wannan dama ce ake yi wa barazana. A 2024 Mark Jones, wanda ya riƙe Gidan Tarihin Birtaniya na wucin gadi, ya ba da shawarar a riƙa karɓar kimanin fam 20 daga baƙi 'yan ƙasashen waje. Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Gine-ginen sun tsufa, gyara na bukatar maƙudan kuɗi, talakan Ingila ne ke biyan harajin da ake riƙe su da shi, ga kuma Louvre a Paris da ya kai tikitinsa yuro 22 a 2024 ba tare da baƙi sun daina tururuwa ba.

A ganina shawarar ba ta dace ba, kuma dalilina na farko yana ƙarƙashin ginin ne, a ɗaki mai lamba 25, inda aka jera kayan Afirka. A can ne allunan tagulla na Masarautar Benin suke, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe daga fadar Oba a harin 1897. Gidan yana riƙe da kayan Benin sama da 900. Da Nijeriya ta nemi a mayar, amsar da ake bayarwa iri biyu ce: dokar 1963 ta hana gidan rabuwa da abin da ke hannunsa, sannan wai gidan na duniya ne baki ɗaya, kowa na iya zuwa ya gani kyauta. To, idan aka kafa teburi a bakin ƙofa ana duba fasfo, mutumin Liverpool ya wuce, mutumin Edo ya tsaya ya ciro fam 20 kafin ya ga abin da kakanninsa suka ƙera, ina hujja ta biyu ta kwana? Haka Bagirke zai biya ya ga sassaƙen Parthenon, Bamisre ya biya ya ga Dutsen Rosetta da ke gidan tun 1802. Ba a cin biyu. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,000 a 2022, Gidan Horniman da ke cikin Landan ɗin ma ya miƙa 72 a shekarar. Wanda ya ƙi bin sahunsu, mafi ƙarancin abin da ya hau kansa shi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Dalili na biyu shi ne, kalmar "baƙo" tana haɗa mutanen da ba su da haɗi. Har zuwa farkon 2025, matashin Bajamushe tikitin jirgi mai rahusa kan ishe shi. Ɗan Nijeriya ko ɗan Ghana sai ya biya kuɗin biza fiye da fam 100, ya nuna bayanan asusun banki, kuma in aka hana shi kuɗin sun tafi ke nan. Kafin ya taka Bloomsbury ya riga ya biya baitulmalin Birtaniya. Fam 20 ga attajirin da ya sauka a otal ɗin Mayfair ba komai ba ne. Ga mai sayen burodi da ruwa a kantin unguwa, ko mai neman shinkafa mai araha a Whitechapel bayan sallah a Masallacin Gabashin Landan, abincin kwana biyu ne. Shi za a kora, alhali galibi shi ne ɗalibin da ya zo da littafin rubutu a hannu.

Batun kuɗin gyara ba a share shi, amma akwai hanyar da ta fi adalci. Paris da Roma da Berlin duk suna karɓar harajin kwana daga baƙi, kuma yakan hau ne gwargwadon darajar masaukin ko tsadarsa. Da Landan za ta yi haka ta ware wani kaso ga gidajen tarihi, mai kwana a otal mai tauraro biyar zai ɗauki mafi nauyi, mai gado a ɗakin mutum goma ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Nune-nune na musamman da ake shiryawa na 'yan watanni dama da tikiti ake shiga, akwatunan gudummawa kuma suna nan a bakin kowace ƙofa ga mai hali.