Kwana arba'in da rasuwar Hajiya Bilkisu Yusuf, har yanzu ba a gaya mana abin da ya faru a Mina ba

A farkon watan Nuwamba na 2015 ne aka cika kwana arba'in da rasuwar Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda Allah ya karɓi ranta a turmutsutsun Mina, ranar Alhamis 24 ga watan Satumba na 2015, wato 10 ga Zulhajji 1436. Ta rasu tana da shekara 62, ba ta yi jinya ba, ba ta kwanta ba. Da safe ta fita tare da sauran alhazai zuwa jifan shaiɗan, kafin rana ta take tsaka an yi rashin da har yau ba a gama ƙidaya shi ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan duk waɗanda suka cika tare da ita, ya ba iyalansu haƙuri.

Na san wasu masu karatu a nan Nijar za su ce wace ce ita. Ba laifinsu ba ne. Da Ingilishi take rubutu, mu kuma da Faransanci aka karantar da mu, shi ya sa Bahaushen Maraɗi ya fi sanin marubutan Paris a kan ƴar jaridar Kano, alhali daga Maraɗi zuwa Kano bai kai rabin tafiyar Maraɗi zuwa Yamai ba. Amma mu da muka ci abinci da alƙalami mun san ta, kuma muna ɗaukar ta uwa a wannan sana'a.

A Kano aka haife ta cikin 1952. Ta karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ƙaro ilimi a Wisconsin ta Amurka, ta kuma yi kwas na aikin jarida a Mosko. A farkon shekarun 1980 aka ba ta editan Sunday Triumph ta Kano, daga nan ta koma Kaduna ta zama editan New Nigerian, jaridar da a wancan zamani in ta yi tari gwamnonin Arewa sai sun waiwaya. A 1990 tana cikin waɗanda suka tashi mujallar Citizen tare da su Mohammed Haruna da Adamu Adamu da Kabiru Yusuf. Tana kuma cikin matan da suka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, a 1985. A shekarunta na ƙarshe ta fi duƙufa kan mutuwar mata wajen haihuwa da karatun ƴaƴa mata da sasanta Musulmi da Kirista, tana kuma rubutu a Daily Trust.

Lissafa muƙamai abu ne mai sauƙi, kowa ya yi shi a ta'aziyyarsa. Abin da na ga ba a tsaya a kansa ba shi ne mene ne aikin edita, balle editan jaridar gwamnati a ƙarƙashin mulkin soja. Mai karatu ba ya ganin edita. Sunan wakili yake gani a saman labari. Edita shi ne wanda ke zaune har tsakar dare da jan biro, yana tambayar yaron da ya kawo labari: wa ya gaya maka, ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren, mutum nawa ne, goma ko goma sha biyu, koma ka ƙirgo. Shi ne ke zaɓen abin da zai hau shafin farko da abin da za a tura can ciki kusa da tallar magani. In labari ya yi daɗi, yabo na wakili ne. In ya ɓata wa wani babba rai, wayar edita ce ke ƙara da asuba, kuma mai kiran shi ne ke biyan albashin kowa a gidan. Hajiya Bilkisu ta zauna a wannan kujera a zamanin Janar Buhari da na Janar Babangida, tana mace, tana matar aure, da lulluɓinta, a garuruwan da ko aikin ofis na rana ana yi wa mace gori a kansa. Wanda ya taɓa jiran na'urar buga jarida ta tashi da ƙarfe biyun dare ya san abin da nake nufi.

Mu ma a nan muna da tamu. Mariama Keita ta buɗe wa matan Nijar ƙofar aikin jarida tun daga gidan rediyon ƙasa, har ta kai ga shugabancin hukumar sadarwa ta CSC. A shekarar da aka fara Citizen a Kaduna, a shekarar ne Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haské a Yamai, jarida mai zaman kanta ta farko da ta buɗe hanya gabanin babban taron ƙasa na 1991, taron da sai da mata suka yi tattaki ranar 13 ga Mayu kafin a ƙara musu kujeru a shirinsa. Gwagwarmaya ɗaya ce, iyaka ce kawai ta ratsa tsakiyarta. Amma mai karatu ya ƙirga jaridun da ke fita a Yamai yau, ya gaya mini a nawa ne mace ke da maganar ƙarshe kan shafin farko. Yatsun hannu ɗaya za su ishe shi, har da saura.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar da abin ya faru kalma ɗaya ake maimaita mana: ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san babu wanda zai wuce kwanansa. Na san kuma akwai masu ganin cewa wanda ya cika da harami a jikinsa, a wannan wuri, a wannan rana, ya yi kyakkyawan ƙarshe, ni ma haka nake yi musu fata. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana Musulmi tambaya ba. Sayyadina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, bai kutsa da su ciki ba, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu. Alkalin da aka kawo wa ƙarar direban da ya kashe mutane da ganganci ba ya rufe shari'a don an ce kwanansu ne ya ƙare.

Ga abin da aka sani. Ayari biyu na alhazai ne suka yi karo a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223, da hantsi, cikin zafi mai tsanani. Kwana biyu bayan haka hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 ne suka rasu, 934 suka jikkata, kuma daga ranar ba su sake taɓa wannan adadi ba. Kamfanin dillancin labarai na AP ya bi ƙasa ƙasa yana tara alkaluman da kowace gwamnati ta bayar na mamatanta, jimillar ta haura 2,000. Iran kaɗai ta ce nata 464 ne. Mali da Najeriya kowace ta rasa ɗaruruwa, Kamaru da Nijar ma an yi mana babban rashi. Tsakanin 769 da 2,000 akwai mutum fiye da dubu, kowane da sunansa da ƙauyensa da wanda ya raka shi tasha. Wannan shi ne irin giɓin da edita ke mayar wa wakili da takardarsa a kansa, ya ce koma ka ƙirgo.

Ministan lafiya na Saudiyya ya yi saurin cewa alhazai ne ba su bi umarni ba. An kuma yaɗa maganar da ke ɗora laifin kan ƴan Afirka, har sai da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya fito ya ƙi amincewa da ita. Ya kyauta. Mutumin da aka sa a titi mai shinge hagu da dama, na baya na turo shi, na gaba ya tsaya cik, wane umarni ne ya rage masa da zai bi? Wanda ya tsara hanya, ya riƙe makullin ƙofofi, ya ke kallon kowa ta na'urorin ɗaukar hoto, shi ya kamata a fara tambaya.

Kuma ba wai bincike ya gagari Saudiyya ba ne. Mako biyu kafin Mina, ranar Juma'a 11 ga Satumba, ƙugiyar gini ta faɗo cikin Harami ta kashe mutum fiye da 100. Cikin ƴan kwanaki aka fitar da sakamako, aka dakatar da kamfanin Binladin daga karɓar sabbin kwangiloli, aka yi alkawarin riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci. Na Mina kuwa, Sarki Salman ya ba da umarnin bincike tun ranar farko, amma har aka kwana arba'in shiru kake ji. Tarihi ma ya nuna amfanin tonawa: bayan mutum 1,426 da suka rasu a ramin Mu'aisim a 1990, da fiye da 340 da suka rasu a wurin jifa a 2006, an rushe tsohuwar gadar Jamrat an gina mai hawa hawa, aka kuma samu shekaru tara ba a ga irin wannan ba. Gyaran bai zo ba sai da aka yarda akwai abin gyara.

Ba Saudiyya ce kaɗai ke da bashin amsa ba. Magabatanmu ma suna da nasu. Alhajin Nijar, sau da yawa manomi ne ko makiyayi da ya sayar da shanu ko ya yi shekaru yana tara kuɗin albasa da wake, ya miƙa miliyoyin sefa ga kamfanin jigila. Yana da hakkin a san inda ya kwana. Ina kira ga hukumar COHO ta fitar da cikakken jeri guda, jaha jaha: wanda aka tabbatar ya rasu, inda aka binne shi, da wanda har yanzu ake nema. A karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, don tsohuwar da ke ƙauyen Mayahi ko Matamaye ko Madawa ba ta karanta Le Sahel. Kamfanonin jigila su ma su faɗi jagora nawa suka haɗa da alhazai nawa, da kuma ko an bi lokacin da aka tsara wa tantunanmu na fita jifa. A 2015 majalisar dokoki tana da ikon kiran minista ta tambaye shi, tun kafin hayaniyar zaɓen watan Fabrairu na 2016 ta sa a manta.

Wannan jerin sunaye ya wuce maganar takarda. Matar da aka tabbatar mata mijinta ya rasu za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, marayu su san matsayinsu. Wadda aka ce mata ya ɓace kuwa tana rataye: a mazhabar Malikiyya da muke bi, asalin hukuncin matar wanda ya ɓata a ƙasar Musulmi shi ne jiran shekara huɗu bayan ta kai magana gaban alkali. Gona ba ta rabuwa, bashi ba ya biyuwa, ba a san ko a karɓi gaisuwa ko a ci gaba da sauraron waya ba. Irin waɗannan matan ne Hajiya Bilkisu ta ƙarar da ƙarfinta a kansu. Ya kamata malamanmu su zauna su fitar da fatawa ɗaya a kan wannan hali, kafin kowane gida ya yanke wa kansa hukunci.

Akwai kuma rubuce-rubucenta. Triumph da New Nigerian duk sun taɓa durƙushewa, Citizen ta daɗe da tsayawa, kuma kowa ya san yadda gara da ɗigon ruwa ke yi wa tsofaffin jaridu a ɗakin ajiya. Abokan aikinta na Kaduna da Kano da Abuja da ke raye su tattara abin da ta rubuta tun ana iya samunsa, a buga shi littafi. In an yi haka, mu a nan Maraɗi da Damagaram akwai waɗanda za su zauna su mayar da shi Hausa, a kai wa ɗaliban da ke koyon aikin jarida a Yamai.