RA'AYI: Kunya na iya kayar da ɗan Damagaram a intabiyun manajan injiniyoyin manhaja

Duk matashin da ya shekara biyar ko shida yana rubuta manhaja, ko daga ɗakinsa a Zango ko Birni a Damagaram, ko daga Yamai, Dakar ko Faris, akwai ranar da zai ci karo da tallan neman manajan injiniyoyi ya ji ransa ya biya. Albashi ya fi tsoka, kuma a gida za a ce yaro ya zama shugaba. Daga nan sai ya koma shafuka irin su LeetCode yana kwana yana warware matsalolin lissafi, kamar yadda ya yi lokacin da yake neman aikinsa na farko. Shirin da ya ba shi waccan kujerar ba zai ba shi wannan ba, domin abin da ake aunawa ya sauya.

A mafi yawan kamfanonin fasaha, intabiyun manaja zagaye-zagaye ne. Akwai wanda za a ce ya tsara wata babbar manhaja a kan allo, wani lokaci a ɗan gwada hannunsa a rubutun kod. Sauran zagayen kuwa a kan mutane suke: yadda ya raba gardama tsakanin injiniyoyi biyu, yadda ya yi da ma'aikacin da aikinsa ya ja baya, abin da ya faɗa wa shugabansa ranar da ya tabbata ba za a cika wa'adi ba. Kamfanin Amazon, alal misali, yana da ƙa'idojin shugabanci 16 da yake gina tambayoyinsa a kansu, kuma yana shawartar masu neman aiki su tsara amsa daki-daki: halin da aka shiga, nauyin da ya hau kansu, matakin da suka ɗauka, da abin da ya biyo baya. Google ma ya taɓa soke muƙamin manajan injiniyoyi a 2002, bai yi 'yan watanni ba ya dawo da shi. Binciken da ya fara a 2008, mai suna Project Oxygen, ya sa iya horar da na ƙasa a saman jerin halayen manaja nagari, ƙwarewar fasaha kuma ta zo can ƙasa.

A waɗannan tambayoyi na mutane ne tarbiyyar gida take iya zame wa matashi tarko. An rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka idan aka ce ya faɗi aikin da yake alfahari da shi, sai ya riƙa cewa "mun yi", "muka gyara", har lokacin ya ƙare mai tambaya bai gane abin da shi kansa ya yi ba. A zauren gida wannan ladabi ne. A gaban wanda ke riƙe da takardar ba da maki, babu abin rubutawa. Maganin ba shi ne ya koyi cika baki ba. Ya yaba wa abokan aikinsa a jimla ɗaya, sannan ya faɗi a fili shawarar da shi ya yanke da dalilinsa.

Tambayar kuskure ta fi wannan wuya. Idan aka ce ya ba da labarin aikin da ya lalace a hannunsa, zuciyarsa za ta raya masa ana neman tona asirinsa ne, sai ya kawo ƙaramin abu da bai kai ya kawo ba, ko ya ɗora laifin a kan wuta da intanet. Wani kuma zai ce haka Allah Ya so. Gaskiya ne, amma wanda ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali yana iya bayanin irin ɗaurin da ya yi da inda igiyar ta tsinke. Wannan bayanin ake nema. Kamfanin da zai damƙa wa mutum injiniyoyi takwas yana son ya san ko zai kawo mummunan labari da wuri, ko zai ɓoye shi har sai ya ruɓe.

Haka tambayar saɓani da na gaba take. Yaron da ya tashi ba ya haɗa ido da babba zai ji nauyin cewa ya taɓa gaya wa shugabansa a'a. Amma rabin aikin manaja shi ne tsayawa tsakanin masu kuɗi da ke son komai gobe da injiniyoyin da suka san abin zai ci wata biyu. Wanda bai taɓa cewa a'a cikin ladabi da hujja ba, tawagarsa ce za ta riƙa kwana a ofis.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Shugabancin da matasa da dama suka gani a shago da gareji shi ne na maigida da yaransa: shi ke da sani, shi ke da magana, yaro kuma ya bi. Mai neman aiki da ya shiga intabiyu da wannan hoto a kansa zai riƙa ba da labarin yadda ya karɓe aikin wani ya gyara da kansa cikin dare, yana zaton burgewa ce. Masu tambaya kuwa abin da suke ji shi ne mutumin da bai yarda da kowa ba, wanda na ƙasa da shi ba za su taɓa girma ba. Tarihin Damagaram yana da misalin da ya fi wannan dacewa. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, ayarin fatake tsakanin Kano da Tarabulus ta Damagaram da Agadas suke bi. Madugu ba lallai ne ya fi kowa iya ɗaure kaya ba. Aikinsa shi ne zaɓen hanya, sasantawa da masu karɓar fito, raba rigima a zango, da tabbatar da cewa mutane da kaya sun isa. Kusan duk tambayoyin intabiyun manaja a nan suke zagayawa.

Sai a ce, ina ɗan Damagaram zai samo labaran shugabanci alhali bai taɓa riƙe muƙamin ba? Yana da su, bai ɗauke su a bakin komai ba ne. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, aka shafe watanni ana fama. Duk wanda ya tsara yadda abokan aikinsa za su raba lokacin janareta, ya zaɓi abin da za a jinkirta, ya kira kwastoma ya faɗa masa gaskiya, ya yi aikin manaja ko da ba a kira shi da sunan ba. Haka wanda ya jagoranci aikin kammala karatu na rukuni a Jami'ar André Salifou, ko ya koyar da sabon ɗauka har ya tsaya da ƙafarsa, ko ya riƙe asusun fada ba a taɓa jin kansu ba. Ya zauna ya rubuta irin waɗannan labarai guda takwas ko goma, kowanne da adadi: mutum nawa, kwana nawa, me aka rasa, me aka ceto. Kada ya ƙara gishiri, domin tambaya ta biyu da ta uku kan labari ɗaya ita ke fallasa ƙarya.

Ɓangaren fasaha ba a yar da shi ba, sai dai a nan ma gida na da amfani. Wanda ya san yadda ake aika kuɗi ta NITA ko Amana zuwa ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ya riga ya saba da tambayar da injiniyoyin Turai ke koyo a littafi: me zai faru idan saƙo ya yanke a tsakiya, ta yaya za a hana a cire wa mutum kuɗi sau biyu? Ya kuma shirya wa tambayar aikin da ya makara. Tun 1975 Fred Brooks ya nuna a littafinsa The Mythical Man-Month cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri yake yi, saboda sababbin sai an koyar da su. Mai amsa "zan ƙaro mutane" ba tare da ya yi maganar rage abin da za a gina ba ya faɗi wannan zagayen.

Harshe ma abin dubawa ne. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma makaranta da Faransanci ta rene shi, yayin da kamfanoni irin su Andela, Paystack da Flutterwave da Ingilishi suke tambaya. Karanta bayanan fasaha da Ingilishi daban, ba da labarin rigimar ofis da shi na minti uku daban. Wannan sai da maimaici da baki. Fadar da ake shan shayi kullum da dare tana iya zama wurin gwaji: aboki ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya riƙe agogo, a naɗa a waya a saurara. 'Yan uwa da ke aiki a Legas, Faransa ko Kanada kuwa, awa ɗaya ta intabiyun gwaji ta WhatsApp, da miƙa sunan ƙane ga masu ɗaukar aiki a kamfaninsu, sun fi kuɗin data da suke turowa amfani.

Kafin duk wannan, ya tambayi kansa ko yana son aikin. Manaja yakan wuni a taro, ya yi mako bai rubuta layin kod ba, kuma wata rana shi zai kalli idon mai iyali ya ce masa aikinsa ya ƙare. Kamfanoni da yawa suna da matakan girma ga injiniyan da ba ya son riƙe mutane, albashinsu kuma ba ya ƙasa da na manaja. Idan har ya ga zai iya, to ranar intabiyun shi ma ya je da tambayoyinsa: mutum nawa ne a tawagar, me ya sa wanda ke kujerar ya tashi, wa ke da ikon ɗauka da sallama. In kuma aikin daga nesa ne, ya tambaya tun a zagayen farko ko kamfanin yana ɗaukar mazauna Nijar, da ta wace hanya albashi zai riƙa isowa Damagaram.