Hannun Malami a Faifan Almajiri

Masu nazarin waƙar baka sun saba raba hanyar shiga sana'ar kiɗa gida biyu, wato gado da haye. Rabon yana da amfani, sai dai yakan sa ɗalibi ya zaci ɗan gado ne kaɗai yake da malami, ɗan haye kuwa da rana tsaka ya tsinci kiɗa. Ba haka abin yake ba, musamman ga masu kayan kiɗa na tsirkiya irin su gurmi da garaya da molo da kuntigi. Makaɗin da ke da 'yan amshi da masu ganga, idan ya yi tuntuɓe akwai masu rufa masa asiri. Mai gurmi kuwa daga shi sai yatsunsa, kuma yatsun nan a gaban wani suka koyi tafiya.

Tarihin Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar ya isa misali. Haifaffen Tesker ne, malamin makaranta, wanda ya riga ya yi suna da kiɗan gurmi da waƙoƙin Hausa. Duk da wannan ɗaukaka, a shekarar 2002 ya sami tallafin hukumar UNESCO ya nufi bakin Tafkin Chadi domin ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, na Buduma masunta. A lokacin, tsoho guda ne aka sani ya rage da ya iya kaɗa shi sosai, Bukar Tar. Barka ya ajiye sunan da ya yi, ya koma almajiri. Tsohon ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da ke tafiya da shi, ya kuma damƙa masa biram ɗinsa. Lokacin da faifan Barka na biram ya shiga kasuwar duniya a 2009, malamin ya riga ya kwanta dama.

Abin lura a faifan nan shi ne Barka bai ɓoye inda ya sha ruwa ba, bai kuma tsaya ga kwaikwayo kawai ba. Ya riƙe waƙoƙin Buduma yadda aka ba shi amanarsu, sannan ya shigar da Hausa da wasu harsunan Nijar, abokin tafiyarsa Umaru Adamu yana raka shi da kiɗan fata. Wannan ita ce ƙa'idar da ta dace a auna aikin farko na kowane makaɗi da ita. Idan aka saurara ba a ji hannun malami ba, to koyon bai nuna ba. Idan kuma malamin kaɗai aka ji, gara a nemi na asali a saurara. Ko a ƙasar Mali haka aka gani ga makaɗin jita Afel Bocoum, wanda ya bi Ali Farka Toure tun yana yaro, bai fitar da faifansa na farko, Alkibar, ba sai a 1999, bayan kimanin shekara 30 yana bayan ubangidansa.

Wani zai ce ai Alhaji Mamman Shata ya sha faɗar cewa babu wanda ya koya masa waƙa. Gaskiya ne, amma Shata mawaƙi ne, masu kalangu ne suke kaɗa masa. Murya da fasahar tsara magana baiwa ce da kan zo wa mutum ko daga ina. Ɗaure tsirkiya da sanin fatar da za a rufa wa ƙoƙo da yadda ake sassauta kiɗa idan murya ta gaji, waɗannan sai da gani da ido da zama kusa da gwani.

A nan ne maganar ta shafi garuruwa irin su Mashi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, kusa da iyakar Nijar. Tun da kiɗan fiyano na sutudiyo ya bazu tare da finafinan Hausa, saurayi mai sha'awar waƙa ba ya bukatar ya ɗauki jakar kowa. Ya biya kuɗi, a haɗa masa kiɗa a na'ura, gobe a ji shi a wayoyin jama'a. Ba laifi ba ne, zamani ne, kuma a cikinsu akwai masu hikima. Illar ita ce tsofaffin masu garaya da gurmi na ƙauyuka suna tsufa babu yaro a gefensu, alhali su ba su da wata hukumar da za ta turo musu almajiri kamar yadda aka yi wa Bukar Tar.

Ɗaliban Hausa na kwalejojin ilimi suna da abin yi a nan. Yawancin kundayen da ake rubutawa a kan makaɗa sukan kawo haihuwa da yawan mata da 'ya'ya da jerin waƙoƙi, su wuce batun koyo da layi ɗaya. Ya kamata ɗalibin da ya je hira da makaɗi a Mashi ko Mani ko Daura ya tambaye shi wa ya fara ɗora masa yatsa a kan tsirkiya, shi kuma wancan a wurin wa ya koya, wane take ne na malamin, wanne ne nasa. Barka kansa ya rasu a 2018, kuma da ba a yi masa irin wannan tambaya ba, da sunan Bukar Tar bai wuce bakin tafki ba.