Kibiyar da ba ta miƙe ba, da hukuncin naman da ta kashe

'Yan uwa matasa,

Da yawanku sun haddace hadisin Uƙbatu bin Amir (RA) da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya fassara "ƙarfin" da aka ambata a aya ta 60 ta Suratul Anfal da harbi, ya maimaita har sau uku. Kun san labarin maharba hamsin na ranar Uhudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair (RA), kun kuma san rawar da 'yan baka suka taka a Tabkin Kwatto a 1804, gaban dawakin Gobir. Amma da za a miƙa wa ɗayanmu kwari a ce ya ware kibiya mai kyau daga marar kyau, da sai ido ya raina fata. A ra'ayina gyaran kibiya babi ne na fiƙihu, domin halaccin nama yana iya rataya a kansa.

Ga dalili. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Adiyyu bin Hatim (RA) ya yi tambaya game da farauta da mi'irali, wato itace mai tsini da ake jifa da shi, galibi ba shi da gashi. Amsar da ya samu ita ce: abin da tsinin ya huda a ci, abin da gefen ya buge har ya mutu kuwa mushe ne. To, kibiyar ƙasar Hausa da ta Fulani, irin wadda maharbanmu na Guri da sauran ƙauyukan fadamar Haɗeja suka gada, yawanci ba a sa mata gashin tsuntsu. Kyauro ne kawai da ƙarfen maƙeri. Babu abin da zai daidaita ta a iska idan ta fita a karkace, ƙaramar dabba ko tsuntsu kuwa bugu ma yana kashe su.

Me ke karkatar da ita? Idan aka saki tsirkiya, tana tura gindin kibiya alhali ƙarfen da ke kanta bai riga ya motsa ba, sai kyauron ya lanƙwashe, ya wuce jikin baka yana karkarwa kafin ya miƙe. Idan kyauron ya yi wa ƙarfin bakan laushi, lanƙwasar ta yi yawa, ya kauce gefe guda. Idan ya yi tauri, ya kauce ɗaya gefen. Ƙara nauyin ƙarfe yana sa kyauro ya ƙara lanƙwasa, rage tsawonsa kuma yana ƙara masa tauri. Saboda haka kibiyar da ta dace da bakan wani ba lallai ta dace da naka ba, ko da maƙeri ɗaya ya ƙera kawunansu.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A ɗora kibiya a kan yatsa a nemi inda take tsayawa daidai: dole wurin ya fi kusa da tsini fiye da gindi, in ba haka ba za ta yi ta lilo. A juya ta a tafin hannu a ga ko tana rawa. Idan kyauron ya lauye, a gasa shi sama-sama bisa garwashi a miƙar da shi. A ɗaura zare a tsirkiya domin gindin kibiya ya riƙa zama wuri ɗaya kullum. Sannan a yi wa kowace kibiya lamba, a cika buhu da ƙaiƙayi, a harba daga taku goma ko sha biyar, a duba inda gindin kowacce ya fuskanta bayan ta kafe. Wadda ta saba ficewa daga cikin 'yan uwanta, a ajiye ta. Masu wasan harbi a Turai da Amurka sukan harba kibiya marar gashi da gangan domin aibinta ya bayyana, mu kuwa tamu haka take tun asali. A kuma tuna cewa tsirkiyar fata tana saki da laimar damina, ga mu a ƙasar ruwa, don haka gwajin hunturu ba zai wadatar a watan Agusta ba.

Wani zai ce ai kakanninmu ba su wahalar da kansu haka ba, dafi suke shafawa, ko ina kibiya ta taɓa an gama. Gaskiya ne an yi amfani da dafin kwankwani, kuma a fagen yaƙi ya yi aiki. Amma a farauta malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun sa abin da aka harba da makami mai dafi cikin wanda ba a ci, tunda ba a san wanne ya kashe shi ba, ƙarfen ko dafin, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Mafi muni daga wannan shi ne mai ɗaura laya a kwari yana jiran ta kai masa kibiya. Wannan ya bar sababin da Allah Ya sanya, ya kama wanda ke taɓa aƙida.

Magabata ba su ɗauki wannan ilimi da wasa ba. Ibnul Ƙayyim ya ba harbi kaso mai yawa a littafinsa Al-Furusiyya, Ɗaibuga na zamanin Mamalik kuma ya rubuta littafi sukutum a kai wajen 1368, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1970. Turkiyya ta farfaɗo da nata harbin gargajiya har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2019. Mu a nan tsofaffin maharba suna ƙarewa ba tare da an rubuta abin da hannayensu suka sani ba.

Wanda zai koya ya je ya durƙusa gaban ɗayansu, da sanin mai unguwa da hukuma, domin zamanin yana da wuyar sha'ani. Kuma ya tsaya ga buhun ƙaiƙayi. Annabi (SAW) ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin hannu, hanin nan kuwa ya haɗa da tsuntsayen da ke sauka a fadamarmu da hunturu, waɗanda wasunsu daga Turai suke tasowa. Wallahu a'alam.