Lafiya uwar jiki: Bayan an sallamo mai taɓin hankali

A babban asibitin Yamai akwai ɓangaren da ake kira Pavillon E. Can ake kwantar da masu taɓin hankali mai tsanani. Mutum ya kan yi makwanni, ya natsu, a sallame shi da takarda da magani. Dangi su yi murna, su ce an gama. Ba a gama ba. Wannan ciwo kamar hawan jini yake, maganinsa na dogon lokaci ne.

Abin da ya fi maido da ciwon shi ne barin magani. Ƙwayoyi sun ƙare, gidan likita da nisa, kowa yana zaton wani zai je. Bayan wata biyu ko uku barci ya ƙaurace, mutum ya koma magana shi kaɗai. Daga nan sai a ɗauko mari a ɗaure shi a gindin icce. Mari ba ya warkarwa, gyambo kawai yake bari a ƙafa.

Saboda haka gida ya zauna ya zaɓi mutum ɗaya tak, wanda marar lafiyar ya yarda da shi. Ko wa, ko inna, ko mata. Shi zai riƙe karnen likita. Shi zai ga an sha ƙwaya kullum. Wasu allura ake yi musu sau ɗaya a sati 4. Shi zai riƙe ranar, ya raka shi. Malamin likita ya san fuskarsa, ya san wanda zai tambaya.

Magunguna irin su Haldol da Largactil su kan sa wuya ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba. Mutane da yawa a nan suke jefar da su. Kuskure ne. A koma wurin likita, zai rage ko ya ƙara wani da ke kwance jijiyoyi.

Kuɗin mota da na magani kada a bar wa mai rakiya shi kaɗai. Da kaka, a ware ƴan tiyoyin hatsi don wannan. Kafin damina ta yanke hanya, a roƙi likita maganin da zai kai.

In ya samu sauƙi, a mayar masa da gayaunarsa ko kiwon awakinsa, ya ci tuwo a kwano ɗaya da ƴan'uwansa. Yara masu jifa da kiran "mahaukaci" kuwa, mai gari ya yi magana da iyayensu.