“Ni Dai Ba Wanda Ya Faɗa Mini”

Tun ranar Asabar nake ɗauke da wani ɓacin rai, kuma na san idan ban sauke shi a wannan fili ba, alƙalamina ba zai yarda ya taɓa wani zance ba.

Maƙwabcina a nan cikin birni ne ya roƙe ni in raka ɗansa gasar tenis ta yara, shi yana da ɗaurin aure a Kwarbai. Muka fita ta Ƙofar Doka da sassafe, yaron rungume da raket ɗinsa da aka naɗe wa mariƙi da robar tayar keke. Filin jar ƙasa ne. Mun tarar dattijon da zai yi alƙalanci ya riga kowa zuwa. Yara Baba Alƙali suke ce masa, ni ma a nan zan tsaya. Shi da kansa ya sake zuba farar ƙasa a layukan da ƙura ta shafe. Sannan ya zaro wata sanda daga jakarsa, wadda ya yanka daidai ƙafa uku, ya kafa ta a tsakiyar raga. Ragar ta sauka da kamar yatsa biyu. Sai da ya ja ta ya ɗaure ta koma daidai kan sandar, kana ya hau kujerarsa mai tsani, wadda aka yi wa walda a ƙafa ɗaya, ya ciro takardar maki da guntun fensir.

A zagaye na biyu ɗan maƙwabcina yana baya. Kocinsa, wani saurayi da bai wuce shekara 25 ba, yana jingine da shingen waya, sai ya yi masa alama da hannu cewa ya riƙa aika ƙwallon ta hagun abokin karawarsa. Baba ya gani, ya yi gargaɗi. Ba a jima ba kocin ya sake, wannan karon da baki. Baba ya cire maki, yadda tsarin ladabtarwa ya tanada: gargaɗi, sai maki, sai wasa guda. Kafin ka ce kwabo saurayin nan ya tsallako cikin fili, wayarsa a sama. “Baba, ai wannan dokar ta mutu! Ku duba nan. Zamaninku ya wuce, ku sauko ku ba masu sani wuri.” Wasu samari suka tuntsire da dariya. Dattijon ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Turanci ne, kuma rubutun ƙanana. Ya miƙa masa abarsa, ya ce a hankali, “Ɗana, ni dai ba wanda ya faɗa mini.” Da ya koma kan takardar maki na ga fensirin yana rawa a hannunsa.

Kocin bai yi ƙarya ba. Hukumar tenis ta duniya, ITF, ta gyara doka ta 30, kuma daga 1 ga Janairun 2025 an yarda koci ya ba ɗan wasa shawara daga wajen fili, a taƙaice, tsakanin maki da maki ko lokacin sauya gefe, ban da lokacin da ƙwallo ke yawo. Amma da ya ƙara karantawa ƙasa kaɗan, da ya ga cewa hukumar da ke da alhakin kowace gasa ita ke yanke ko za a yi aiki da wannan sassauci. Masu shirya gasar Asabar ba su ce uffan ba. Ba su tara alƙalai da koci-koci kafin a fara ba, ko na minti biyar. Aka bar tsoho da abin da ya sani, aka bar saurayi da rabin abin da ya karanta. Kuma ko da dokar tana gefensa gaba ɗaya, mu a Zazzau ba a yi mana tarbiyyar tsallako fili mu ci mutuncin sa'an kakanmu a gaban jikokinsa ba.

Abin da Baba ya yi shi ne abin da Carlos Ramos ɗan ƙasar Fotugal ya yi a wasan ƙarshe na gasar Amurka a 2018, lokacin da ya gargaɗi Serena Williams saboda alamar da kocinta ya yi mata, rigimar da ta kai ga cire mata maki, sannan wasa guda, Naomi Osaka ta ɗauki kofi. Duniya ta yi ta cacar baki, amma ITF ta fito fili ta ce Ramos ya bi doka. Shi yana da hukuma a bayansa. Baba, da aka yi masa dariya, ba wanda ya miƙe.

Bayan an watse na zauna da shi a gindin wata dalbejiya. Ya nuna mini littafin dokokinsa: kwafi ne na kwafi, an ɗinke shi da zare, gefen shafukan ya yi baƙi saboda yatsa. A ciki har yanzu daƙiƙa 20 ce tsakanin maki da maki, alhali yanzu 25 ce. Ya ce tun kwas ɗin da ya halarta a Kaduna yana da sauran baƙin gashi, ba a sake kiransa wani zama ba. Da na ba shi labarin cewa tun 2022 manyan gasa huɗu na duniya suka daidaita a kan bugun raba-gardama mai maki 10 idan an yi shida da shida a zagayen ƙarshe, sai ya gyara zama ya ce in maimaita, ya rubuta a bangon littafin. Na gaya masa ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo gyaran: karawar John Isner da Nicolas Mahut a Wimbledon a 2010, awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, zagayen ƙarshe 70 da 68, kuma Mohamed Lahyani, ɗan asalin Maroko, shi ne a kan kujera daga farko har ƙarshe. Idonsa ya kawo ruwa don murna. “Ashe namu na Afirka suna hawa can?” Wannan ne mutumin da aka ce zamaninsa ya wuce.

Alƙalancin tenis sana'a ce mai tsani. Ana farawa da shaidar cikin gida. Daga nan sai makarantar ITF ta mataki na biyu, inda ake samun farar lamba. Mai farar lamba da ya goge sai a gayyace shi mataki na uku, ya nemi ta tagulla, wadda da ita ake zama alƙalin ƙasa da ƙasa. Ta azurfa da ta zinare kuwa ba a zaune a aji ake samunsu ba, aikinka ake bi ana aunawa shekara da shekaru. Mai riƙe da lamba ba a barinsa ya kwanta a kanta, kowace shekara sai an sake gwada saninsa na dokoki. Yaron Limancin Kona ko na Anguwar Juma da ke da ido da natsuwa da riƙon gaskiya zai iya hawa wannan tsani, in har an nuna masa inda matakin farko yake.

Ga kuma abin da ya ƙara tayar mini da hankali. A manyan gasa na duniya, na'ura tana korar mutane. Gasar Ostireliya ta sallami masu duban layi tun 2021. A 2025 Wimbledon ta bi sahu bayan shekara 147, mutum kusan 300 aka ce an gode. A gasar ta 2025 ɗin kuma aka kashe na'urar bisa kuskure ana tsakiyar wasan Pavlyuchenkova da Sonay Kartal, ƙwallo ta fita ƙarara ba a ji kira ba, dole mutumin da ke kan kujera ya tsayar da wasa. Duban layi a manyan gasa shi ne makarantar da yawancin alƙalai suka koyi aiki, yanzu ƙofar tana rufewa. Mu kuwa, filin da ake zuba wa farar ƙasa da gwangwani, yaushe zai ga kyamarorin Hawk-Eye? A Zariya da Kaduna, da gasar Dala a Kano, idon ɗan Adam ne zai ci gaba da cewa ta shiga ko ta fita har 'ya'yanmu su tsufa. Saboda haka mun fi Landan buƙatar alƙali mai horo. Kuma a ƙananan gasa na ƙwararru, makin da alƙali ke dannawa a na'urar hannunsa kai tsaye yake isa ga kamfanonin caca, har ITIA, hukumar da ke yaƙi da maguɗi a tenis, ta sha dakatar da alƙalan da aka saya. Wanda ba a horar ba, ba a biya ba, ba a mutunta ba, shi ɓarawo ke fara nema.

Na san za a ce tenis wasan masu hali ne, ga yunwa ga rashin tsaro. Yaron da na raka ɗan tela ne.

Masu bin wannan fili sun san ba na gajiya da zancen wasan fayif, wanda ya shigo ta Kwalejin Katsina, ya biyo makarantar har ta zauna a Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa, wasan da Sardauna ya so ƙwarai. A asalinsa ba shi da alƙali, ɗan wasa ne ke faɗin gaskiya a kan kansa. Da ƙwallon tenis ma muke buga namu. Mutanen da suka riƙe irin wannan wasa shekara ɗari bai kamata a ce sun rasa masu hawa kujerar alƙalanci ba. Haka kuma ba na gajiya da zancen fassara. A garin nan Hukumar Fassara ta zauna, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Abubakar Imam ya yi aikinsa. Dokokin tenis duka-duka 31 ne. A ce a garin Imam dattijo yana juya waya a hannu ya kasa karanta dokar sana'arsa saboda ba mu mayar da ita Hausa ba? Wannan abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce, mu masu alƙalami da masu digiri.

Masu kuɗinmu da 'yan siyasarmu kuma, ku ji da kyau. Kuna sayen kofi mai tsawon yaro, ku buga hotonku a kyalle, ku zo minti goma kafin a tashi a ɗauke ku hoto, ku tafi. Kuɗin kyallen nan kaɗai ya isa a ciyar da mutum ashirin kwana biyu suna koyon doka. Kun fi son abin da za a gani a Facebook a kan abin da zai zauna. Wanda ya sa gasa bai tanadi horon alƙalanta ba, ya tara yaran mutane ne ya koya musu cewa mai ƙarfin murya shi ke da gaskiya, kuma alhakin wannan yana wuyansa.

Roƙona ga Hukumar Tenis ta Nijeriya shi ne ta kawo kwas ɗin matakin farko Zariya, ta haɗa tsofaffi irin Baba da samari irin kocin nan a aji ɗaya, kuma duk Janairu ta aiko da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da abin da ya sauya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da filaye a Samaru, tana da masu koyar da ilimin motsa jiki, tana da masanan Hausa da za su iya gama fassarar nan a zangon karatu ɗaya. Ƙasar da Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, Sadiq Abdullahi ya wakilce ta a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, ba baƙuwa ba ce a wasan nan.

Ɗan maƙwabcina ya sha kashi a wasan, amma da aka gama ya je ya miƙa wa Baba hannu biyu, ya rusuna. Kocin kuwa na aika masa ta bakin maƙwabcina cewa ya je gida ya ba da haƙuri, ina nan ina sauraro. Ni kuma na yi wa Baba alkawarin doka ta 29, mai zancen daƙiƙa 25 ɗin nan, da ta 30 cikin Hausa, mu haɗu a ƙofar Masallacin Juma'a bayan an sauko. Na gama ta 29 jiya da dare. Ya ce in rubuta masa da manyan baƙaƙe.