A ba masu dambu da fura wuri a bajekolin abinci

Duk wanda ya zaga Yamai da marece ya ga yadda gidajen abinci da na gasa burodi suke cika maƙil. Ba mu ƙyashin kowa, arziki na Allah ne. Amma mu tambayi kanmu: ina kuɗin suke tafiya? Mafi yawan garin alkamar da ake burodi da shi daga waje yake shigowa. Mun ji a jikinmu a 2022, da yaƙin Yukiren ya tada farashinsa, da kuma 2023, da aka rufe iyakar Benin.

Hatsi kuwa, da wake, da zogale, da albasar Galmi, namu ne. Jikar da aka kashe wajen mai dambu ko mai fura, rabonta yana kai wa ga manomin Maraɗi ko Tawa.

Don haka muna kira ga masu shirya bajekolin abinci da su rage kuɗin rumfa, su ba matan kasuwa wuri a gaba, ba can bayan fili ba. Ku kuma iyayenmu mata, ku rufe abinci, ku aje ruwa da sabulun wanke hannu. Ƙuda ɗaya a bakin ƙwarya ya isa ya kori mai saye.